Matacin Lofe: Aikinsa da Iyakarsa

Matacin lofe wani ɗan abu ne da akan cusa cikin bututun lofe, domin hayaƙi ya ratsa shi kafin ya kai baki. Iri uku sun fi yaɗuwa: na takarda, da na itacen balsa, da na gawayi mai kaurin milimita 9, wanda kamfanin Vauen na Jamus ya fito da shi cikin 1934.

Na gawayi yakan tsotse laima da wani kashi na daskararren baƙin nan na taba, sai hayaƙi ya yi laushi, ya rage ƙuna a harshe. Amma fa yakan tafi da wani sashe na ƙanshin tabar. Na balsa kuwa laima ya fi sha, bai cika taɓa ɗanɗano ba. Kowanne in ya jiƙe, lofe yakan yi wuyar zuƙa, hayaƙi ya yi ɗaci.

To, jama'a, kada laushin hayaƙi ya ruɗe ku. Tun 1964 rahoton Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya danganta shan lofe da sankarar leɓe. Mataci ɗanɗano yake sauyawa, ba ya kawar da cuta. Mai son lafiyarsa, barin taba ya fi masa.