Shin tausayi sinadari ne a cikin jini?

Bayan karatun magariba a wani masallaci da ke Kinkinau, wani ɗalibin likitanci ya tsayar da mu a bakin ƙofa. An koya musu cewa jikin ɗan Adam yana fitar da wani sinadari mai suna oksitosin, wanda jaridun Turai suka yi wa laƙabi da sinadarin ƙauna. Ya ce, "Malam, idan tausayi ruwa ne da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, ina ladan mai tausayi?"

Iyayenmu mata sun san aikin wannan sinadari tun kafin su ji sunansa. Shi ke matsa mahaifa a lokacin naƙuda, shi ke sa nono ya zubo idan jariri ya kama mama, kuma allurarsa ake yi wa mace a asibiti bayan haihuwa don tsayar da zubar jini. Henry Dale na Ingila ne ya gano tasirinsa a kan mahaifa a 1906. Mai nazarin Larabci zai lura cewa rahim, wato mahaifa, da rahama tushensu ɗaya ne.

Gardama ta taso ne da aka tashi daga mahaifa zuwa zuciya. A 2005 masu bincike a Jami'ar Zurik ta Suwizalan suka shaƙa wa wasu maza sinadarin ta hanci, sai suka ga sun fi sakin jiki wajen damƙa kuɗinsu ga baƙon da ba su sani ba. A 2007 wani bincike a Jamus ya nuna masu shaƙarsa sun ɗan fi gane halin da mutum ke ciki daga hoton idanunsa kawai. Labari ya bazu, har aka fara sayar da feshin aminci a intanet. Amma da aka maimaita gwajin kuɗin a 2020 da mutane ɗaruruwa, ba a ga wancan bambancin ba.

Binciken da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Carsten De Dreu a Amsterdam a 2010. Ya ga sinadarin yana ƙara wa mutum sadaukarwa ga 'yan rukuninsa, yana kuma ƙara masa shirin kare su daga na waje. Ashe kaza mai 'ya'ya ce: lulluɓe nata da fiffike da kai wa baƙo sara duk daga wuri ɗaya suke fitowa. Malamanmu sun daɗe suna kiran wannan asabiyya.

Mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar ɗakin bincike kafin mu gane haka. Bayan rikicin 2000 da na 2002 kowa ya kwashi iyalinsa ya koma inda nasa suke, kogi ya zama iyaka. Da yawa daga waɗanda suka ɗauki makami a kwanakin nan, tausayin nasu ne ya tunzura su.

Amsar da muka ba ɗalibin ke nan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya kasa rahama kashi 100, ya saukar da ɗaya duniya, kuma da shi ne dabba ke ɗage kofatonta don kada ta taka ɗanta. Idan likitoci sun hango ɗaya daga cikin hanyoyin da wannan kaso ke bi a jiki, sababi suka gano, kuma sababi halittar Allah ne. Sai dai wannan motsin mun yi tarayya da akuya a cikinsa. Lada yana tare da niyya, da kuma inda mutum ya kai tausayinsa bayan jiki ya daina tura shi.

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, ya shafe shekaru yana neman fansa. Huɗubar Juma'a ce ta karya masa zuciya, inda liman ya tuna yadda Annabi (SAW) ya ƙi yarda a halaka mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Daga baya su biyun suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a nan Kaduna, suka kuma kai aikin sulhu har Yelwan Shendam da ƙasar Kenya.