Windows 98 da Ƙwaƙwalwa Mai Yawa: Ga Inda Gizo Ke Saƙa

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Har yau akwai waɗanda ke riƙe da tsohuwar kwamfuta mai Windows 98, domin tsofaffin takardunsu da manhajojin sana'arsu a cikinta suke. Sai mutum ya sayo ƙarin ƙwaƙwalwa, wato RAM, ya sa mata don ta ƙara sauri, amma ta ɓuge da cewa wai ƙwaƙwalwa ta yi mata kaɗan, ko ma ta ƙi tashi. Muna roƙon kada a yi gaggawar goge ta, a yi asarar aikin shekaru, domin lafiyarta ƙalau.

Ga dalili. Lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da ita a 1998, megabayit 16 ya isa a kunna ta. A cikinta akwai wani sashe mai suna Vcache, wanda ke ajiye fayilolin da aka buɗe kwanan nan don a same su da wuri. Gwargwadon yawan ƙwaƙwalwa, gwargwadon wurin da yake kamawa. Idan ta wuce megabayit 512, sai ya mamaye filin da Windows ta keɓe wa kanta, kamar baƙon da ya shimfiɗa kayansa har mai gida ya rasa wurin zama.

Maganin ba ya cin ko sisi. Mu cire ƙarin ƙwaƙwalwar tukuna, mu kunna kwamfuta, mu kwafi fayil ɗin System.ini da ke cikin jakar Windows mu ajiye gefe. Daga nan mu buɗe shi da Notepad, a ƙarƙashin sashen vcache mu rubuta MaxFileCache=524288, wato an yi masa iyaka a megabayit 512. Idan ƙwaƙwalwar ta haura gigabayit 1, a ƙarƙashin sashen 386Enh mu ƙara MaxPhysPage=40000, don Windows ta tsaya a gigabayit 1. Sai mu adana, mu kashe, mu mayar da ƙwaƙwalwar.

Gargaɗi ɗaya: tun 11 ga Yuli, 2006 Microsoft ya daina yi wa Windows 98 gyaran tsaro. Saboda haka kada mu haɗa ta da intanet, kuma mu kwashe muhimman takardunmu zuwa wani wuri. Allah ya sa mu dace.