Laraba a Garejin Bakin Hanyar Maigatari

A garejojin Gumel ba a zama ranar Laraba. Washegari Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma duk mai akori-kura daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar so yake ya kwana da shirin lodin riɗi, gero ko awaki. Da yawa cikin motocin nan tsofaffi ne: Peugeot 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, da Toyota Hilux na da. Sun sha rairayi, sun sha ƙurar hunturu, baƙin mai kuma ba ya samun canji a kan kari.

A wani gareji da ke ƙarƙashin darbejiya a bakin hanya, aikin da ya fi tara yara kusa da ogansu shi ne na motar da aka jawo da igiya. Labarin direba kusan ɗaya ne kullum: an daɗe ana jin ƙarar ƙarfe a gaban inji da sassafe, sai rana ɗaya ƙarfi ya tafi, kabureta ta fara tari, mota ta ƙi tashi. Yara kan yi wuf su zargi fulogi ko fetur. Oga ba ya gaggawa.

Abin da yake zargi sarƙar taimin ce. Ita ke haɗa karanshaf da kamshaf, na farko ya juya sau 2, na biyu sau 1, domin bawul su buɗe su rufe daidai da tafiyar fistan. Idan sarƙa ta saki, ko abin da ke ɗaure ta ya gaji saboda dattin mai, sai ta tsallake haƙori. Daga nan wuta, iska da fetur kowa ya kama gabansa.

Amma zargi ba hujja ba ne, kuma nan darasin yake. Oga kan sa a cire fulogin farko, yaro ya toshe ramin da yatsa, a juya inji da sifana har iska ta turo yatsan, alamar fulin karanshaf ta zo daidai. Sai a buɗe murfin distiributa. Idan rota ba ta kallon wayar silinda ta ɗaya, magana ta fara fitowa. Sannan a juya fuli gaba da baya: in rota ta yi jinkirin motsi, sarƙa ta yi sako-sako. In akwai ma'auni, a gwada matsin silinda duka 4. Idan duk sun faɗi tare, ba ring ɗaya ba ne.

A nan ne direba kan roƙi a murɗa distiributa kawai, ya samu ya kai kaya kasuwa. Mota na iya tashi, amma bawul na nan a karkace da lokacinsu, kuma sarƙar da ta tsallake haƙori ɗaya za ta ƙara. Tana iya yin haka a tsakiyar daji da dabbobi a baya, a wani injin ma fistan ya doki bawul ya lanƙwasa.

Shi ya sa bakaniken kirki kan ƙi. Yakan ce a sayo sabuwar sarƙa da maɗaurinta, ko da sai an aika Kano, a canza mai. Direba zai rasa kasuwa ɗaya, amma injinsa ya tsira, yara kuma sun koyi cewa ana tabbatar da cuta kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.