Ƙulli 27 masu juya dubbai: yadda ake lanƙwasa sura a kwamfuta

Kafin mota, ko kwalbar turare, ko takalmi su fito daga masana'anta, sai an fara zana su a kwamfuta. A cikin manhajoji da dama, surar abin raga ce mai ɗimbin ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli da matsayinsa. Kwalba ɗaya tana iya ɗaukar ƙulli dubu hamsin. To idan mai kaya ya ce a ƙara mata ciki, a rage wuya, wa zai zauna ya matsa su ɗaya bayan ɗaya?

Tushen maganin wannan matsala a masana'antun mota na Faransa yake. A 1959 Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya gano hanyar sarrafa lanƙwasasshen layi da ɗigo kaɗan. Pierre Bézier na Renault ya cim ma irin wannan dabara a shekarun 1960, kuma sunansa ne ya bi ta. A 1986, Thomas Sederberg da Scott Parry na jami'ar Brigham Young a Amurka suka bayyana yadda za a yi wa abu sukutum haka.

Ga yadda abin yake. Mai zane yana rufe ragar da keji mai siffar akwati. Keji mai ƙulli uku a tsawo, uku a faɗi, uku a tsaye, yana da 27 ke nan. Mai huɗu-huɗu yana da 64. Kwamfuta takan riƙe matsayin kowane ƙullin raga a cikin kejin. Da an ja ƙulli ɗaya na keji, sai sararin ciki ya miƙe, ragar ta bi shi: abin da ke kusa ya motsa ƙwarai, na nesa kaɗan. Kamar dai a zana hoto a kan robar cikin taya a ja gefenta. Ba a taɓa hoton ba, amma ya sake kama. A 1990 Sabine Coquillart ta cibiyar INRIA a Faransa ta faɗaɗa dabarar, har keji ya iya ɗaukar wasu siffofi ban da akwati.

Yau ana samun wannan keji a Maya da 3ds Max, da kuma Blender, wadda kowa ke iya amfani da ita kyauta tun 2002. Masu fim ɗin zane suna kumbura kumatu da shi, ko su lotse ƙwallo idan ta bugi ƙasa.

Amma fa keji bai san abin da ke cikinsa ba. Duk abin da ya tarar yake ja. Idan aka faɗaɗa cikin kwalba, bakinta da ke zagaye yana iya komawa kamar ƙwai, murfi ya ƙi zama. Ramin kusa ya kauce, kaurin bango ya ragu a inda aka miƙe shi. A fim ido kaɗai za a gamsar, amma a masana'anta milimita ɗaya tana iya ɓata kaya baki ɗaya.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya sa aka gyara masa samfuri, ko ma'aikacin da zai sa hannu a takardar odar gwamnati, kada kyan hoto ya ruɗe shi. Ya nemi a sake auna baki da ramuka da kauri, a rubuta masa, tun ba a zuba ƙarfen zubi ba. Gyara a kwamfuta aikin mintoci ne. Bayan an yi zubi kuwa, kuɗin sabon zubi ne.