Lusina, Baƙuwar Itaciya Daga Meksiko

Duk wanda ya san Abuja a watan Maris ya san darajar inuwa. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991 birnin ke ta faɗaɗa, itatuwan dazuzzukan Kuje da Kwali kuwa suna ta ƙarewa a buhunan gawayi. Ɗorawa da kaɗanya suna jinkirin girma, saboda haka mai neman inuwa da gaggawa sai ya koma ga baƙin itatuwa. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda masana ke kira Lusina.

Asalinta daga kudancin Meksiko ne, a Amurka ta Arewa, watau yankin da gwanda ta fito. Ganyenta ƙanana ne kamar na ɗorawa, furenta fari, dunƙule. Cikin shekara biyu ko uku takan wuce tsayin ɗaki, in an sare ta kuma sai ta sake tohowa.

Amfaninta ya zarce inuwa. Saiwarta na ƙara wa ƙasa taki kamar yadda gyaɗa da wake ke yi. A shekarun 1970 da 1980 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta gwada shuka ta layi-layi, tsakanin layi da layi kamar mita 4, masara a tsakiya. Da damina a sassabe rassan a zuba ganyen a gindin masara, da rani a sami itacen girki da ɗanyen harawa, daidai lokacin da makiyaya ke hawa maɗaci suna sarar ganye.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Akwai wani dafi a ganyen da ake kira mimosin. Doki ko jaki in ya ci da yawa, gashin wutsiya da na geza sai ya zube. Shanu da awaki sun fi jurewa, duk da haka malaman dabbobi sun ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abincinsu.

Bugu da ƙari tana zubar da iri ba kaɗan ba, har Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa ta cikin baƙin halittu 100 mafi mamaye ƙasa. Lalle wurinta shi ne gona ko shingen lambu, inda ake datse ta kafin ta yi 'ya'ya. Wanda ya dasa ta a bakin rafi ya manta da ita, zai tarar ta zama kurmi.