Idan Ƙofar Zuciya Ta Taurare

Manoma da makiyayan Imanan da Kurfai, kun san famfon da ake ban ruwan dankalin turawa da shi a fadamar Bonkuku. In marfinsa ya lalace, ruwa ba ya hawa sosai. Zuciyar mutum ma famfo ce. Ɗakunanta 4, ƙofofinta 4. A ɓangaren hagu akwai wata ƙofa mai marfi biyu, likitoci na ce mata mitiral. Jinin da ya fito daga huhu ta nan yake bi.

Idan shekaru suka ja, kalsiyam, wato abin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai, yakan taru a bakin ƙofar, kamar farin ɓamɓarokin da ke kama cikin butar shayi. An fi ganin haka ga tsofaffi, musamman mata, da masu hawan jini, ciwon sukari ko ciwon ƙoda. Makiyaya, ku kwantar da hankalinku, shan nono ba shi ke kawo shi ba.

Yaya ake gane shi? Likita zai aza ƙaramar na'ura a ƙirji, sai hoton zuciya ya fito tana bugawa. Sunan wannan eko. Babu allura, babu zafi. In ana son awo sosai, sai a yi hoton sikanar.

Bakin ƙofar kamar zobe yake. Ga wani ma'auni da ake bi: in taurin bai kai rabin zoben ba, kaɗan ne. Daga rabi zuwa kashi 3 cikin 4, matsakaici ne. In ya wuce haka, ya yi yawa. Ana auna kaurinsa kuma, a duba ko ƙofar ta tsuke ko tana yoyo.

Yawancin masu shi ba sa jin komai. Amma wanda ke haki in ya ja guga, ko ƙafafunsa na kumbura, ko zuciyarsa na bugun da ba daidai ba, kada ya jira a gama girbi. Ya je asibitin Bonkuku. Daga nan a tura shi Filinge, in ta kama har Yamai.

Babu ƙwaya ko saiwar da ke narkar da wannan tauri. Kada ku ɓatar da kuɗin gero wajen masu tallar magani a kasuwa. A auna hawan jini, a rage gishiri da kanwa, a bar taba. Allah ya ba mu lafiya, amin.