Manja Ba Ya Karya Gubar Maganin Ƙwari

Wani saƙo da ke yawo a zaurukan WhatsApp na makiyaya da masu kiwon gida ya gwama gaskiya da ƙarya, kuma abin takaici shi ne masu tura shi sun fi saurin danna waya a kan tambayar likitan dabbobi.

Mafi haɗari a cikinsa ita ce da'awar cewa idan akuya ko saniya ta lashi maganin ƙwari, ɗura mata manja ko madara zai karya gubar. Fiya-fiya da Sniper, waɗanda ake ajiyewa a gidaje har wasu na shafa wa dabba don kashe kaska, suna ɗauke da diklobos, guba daga rukunin oganofosfet, wadda ke toshe sinadarin jiki da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa tsoka. Idan saƙon bai tsaya ba, sai dabba ta kama dalalar miyau da zawo da karkarwa, ƙwayar idonta ta tsuke, ƙirjinta ya cika da majina har numfashi ya gagara. Gubobin wannan rukuni suna narkewa a cikin mai, saboda haka manja na iya sauƙaƙa wa hanji tsotse su, sannan dabbar da ke fizge-fizge ba ta haɗiya yadda ya kamata, sai abin da aka ɗura ya zarce huhu ya ƙara mata wata cutar. Ba a ga laifin makiyayin da ke ruga mai nisa da asibiti, wanda ya taɓa ganin dabba ta miƙe bayan ɗuri, amma dabbar da ta sha guba kaɗan takan farfaɗo ko da ba a ba ta komai ba. Makarin da aka tabbatar shi ne allurar atirofin a hannun likita, kuma idan ta fata gubar ta shiga, wanka da sabulu da ruwa mai yawa ne matakin farko.

Zancen da ke cikin saƙon cewa allurar rigakafi ce ke haddasa mutuwar dabbobi masu irin waɗannan alamu ba shi da hujja ko kaɗan. Batun cin naman dabbar da ta sha guba kuwa, yanka ba ya fitar da guba daga hanta da kitse, dafuwa kuma ba ta da tabbacin lalata ta duka.

Inda saƙon ya faɗi gaskiya shi ne maganar mutuwar ungulu, domin mushen da ke ɗauke da guba na iya kashe abin da ya ci shi, kamar yadda aka gani a Botsuwana a 2019, inda ungulaye 537 suka mutu bayan cin gawar giwaye 3 da mafarauta suka sa wa guba.

Duk wanda dabbarsa ta sha guba ya garzaya wurin likita riƙe da kwalbar maganin, idan kuma ta mutu ya binne ta da zurfi inda kare da ungulu ba za su kai ba.